Tsohuwar Kalkuletar Baffana da Hannun da Ya Dawo

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Ma'aikacin safiyo ne, aikinsa awon filaye da fitar da taswira. Wanda ya san wannan aiki kafin zuwan kwamfuta ya san cewa rabinsa a rana ake yi, rabinsa a kan tebur. Da rana a ɗauko kusurwa da tsawo, da dare a zauna a yi ta juya su har su zama lambobin da za a zana a takarda. Na tashi na tarar da shi yana wannan lissafi da wani littafi mai kauri na logaridim, wato jadawalin lambobin da ke sauƙaƙa ninkawa da rabawa, irin mai lambobi bakwai, wanda shafukansa suka yi baƙi saboda yawan buɗewa. Yana da rular lissafi mai zamewa, amma bai cika dogara da ita ba, domin lambobi uku kacal take iya bayarwa da tabbaci, shi kuwa awon fili ba ya son kusan-kusan. Idan ka yi kuskure kaɗan a kusurwa, kafin ka kai ƙarshen layi ka shiga gonar wani.

A tsakiyar shekarun 1970 ya shigo gida da kalkuletarsa ta farko. Casio ce, ƙarama, lambobinta koraye masu haske. Tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, nan ta tsaya. Amma a idona babu abin da ya kai ta mamaki a duniya. Nakan tsaya a gefen tebur in faɗi wasu manyan lambobi da na ƙirƙira, shi kuma ya danna, amsa ta fito kafin in rufe baki. Ba a bari in taɓa ta sai yana zaune, kuma da zarar an gama sai a kashe, saboda irin waɗannan masu hasken fuska batir suke sha ba kaɗan ba. Yaran yanzu da suka saba da masu aiki da hasken rana ba za su gane fargabar da mutum ke ji ba idan lambobi suka fara dusashewa alhali lissafi bai ƙare ba.

Baffa mutum ne mai bin diddigin kayan aikinsa, kuma daga bakinsa na fara jin tarihinsu. Ya ce abin bai daɗe da fitowa ba. A 1967 ne injiniyoyin kamfanin Texas Instruments a Amurka, cikinsu har da Jack Kilby, suka haɗa samfurin farko na kalkuletar da za a riƙe a hannu. A 1970 kamfanin Canon na Japan ya fitar da Pocketronic, wadda ba ta da fuskar nuna lamba, sai dai ta buga amsa a kan siririyar takarda. A 1972 Casio ya fitar da Casio Mini mai nuna lambobi shida a kan yen 12,800, farashin da ya karya kasuwa har talaka ya fara sa rai. Daga baya na karanta cewa wani kamfanin kalkuleta na Japan mai suna Busicom ne ya nemi Intel ya ƙera masa 'yan ƙwayoyin lantarki, kuma daga wannan aiki ne aka samu Intel 4004 a 1971, wato kakan ƙwaƙwalwar kwamfutocin da muke amfani da su yau. Duk lokacin da na tuna da haka sai in ƙara ganin girman 'yar na'urar da ke kan teburin Baffa.

Sai dai wadda zuciyarsa ke so daban ce. HP-35 ake ce mata, ta kamfanin Hewlett-Packard, ta fito a 1972 a kan dala 395, kuma ita ce kalkuletar aljihu ta farko da ke fitar da lissafin kusurwa da logaridim. Maɓallai 35 gare ta, daga nan ta samo sunanta. Ga ma'aikacin safiyo, wannan na nufin aikin dare uku ya koma na yamma ɗaya. Bai samu tasa ba sai bayan wasu shekaru, lokacin da farashi ya faɗi, wani abokin aikinsa ya sayi sabuwa ya sayar masa da tsohuwar. Lambobinta ja wur, ƙanana, kuma idan ka danna maɓalli kana jin ɗan ƙas a ƙarƙashin yatsa, alamar ya shiga.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba ta da maɓallin daidai, wato mai alamar =. Idan kana son tara uku da huɗu, sai ka danna 3, ka danna babban maɓallin da aka rubuta wa ENTER, ka danna 4, sannan ka danna alamar tarawa. Lambobi ne ke fara shiga, aikin da za a yi da su ya biyo baya. Tsarin ya samo asali ne daga wani masanin ilimin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, ɗan ƙasar Foland, Jan Łukasiewicz. Baƙo idan ya ɗauke ta sai ya rikice ya ajiye, amma Baffa yakan ce ai haka mutum ke lissafi a takarda: ka rubuta lamba, ka rubuta ta biyu a ƙarƙashinta, sannan ka tara. Ya yi shekaru yana aiki da ita har yatsunsa suka haddace hanya, ba ya ma duban maɓallan. Ranar da ya karɓe ta ya miƙo mini Casio ɗin ya ce, "Ungo, ɗana, amma sai ka yi da kanka tukuna, ita shaida ce kawai." Da ita na yi sakandare.

Zamani ya wuce, kwamfuta ta karɓe aikin, Baffa ya yi ritaya, HP ɗin ta shiga akwati tare da tsofaffin taswirori.

Ya haura shekara saba'in lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya daɗe da hawan jini, yana shan magani, amma da ya ji jikinsa garau sai ya riƙa tsallake kwanaki. Hawan jini kuwa ba ya sallama, mutum na iya yawo da shi shekaru bai ji komai ba, kuma shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Wata asuba Inna, matarsa, ta tashe shi ta ga bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, yana son magana amma ba ta fita. Nan da nan aka kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton kansa, domin likita ya bayyana mana cewa ciwon iri biyu ne kuma maganinsu ya saɓa: ko dai gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ya fi yawa, sama da kashi 80 cikin 100, ko kuma jijiya ta fashe jini ya zuba. Na Baffa toshewa ce, a ɓangaren hagu. Hagun ƙwaƙwalwa shi ke juya daman jiki, kuma a mafi yawan mutane nan ne mazaunin magana. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe. Shi cikin barci abin ya same shi, don haka likita ya ce lokacin ya wuce.

Ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe alamomin nan: fuska ta karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe. Idan aka ga ko da ɗaya, asibiti za a nufa a take. Kada a tsaya shafe-shafe, kada a ɗura wa mutum ruwa ko magani a baki, domin sau da yawa haɗiya ma tana taɓuwa, abin da aka ɗura ya bi ta huhu.

Makonnin farko sun yi mana nauyi. Ƙafar ta fara motsi da wuri, masu gashi, wato ma'aikatan asibiti masu motsa gaɓoɓin majinyaci, suka tsayar da shi, suka koya mana yadda ake juya shi a gado da yadda ake ɗaga shi ba tare da an ja hannun da ya shanye ba, saboda kafaɗar tana iya gocewa. Maganar ce ta fi tayar mana da hankali. Yana jin yawancin abin da ake faɗa, idonsa na nuna ya gane, amma kalma ta ƙi zuwa. Wani lokaci yana nufin a'a sai "eh" ta fito. Abin mamaki, Fatiha tana fita daga bakinsa tiryan-tiryan, haka ma ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Amma idan ka rubuta 7 ka ce mene ne wannan, sai ya kafa mata ido, leɓensa na rawa. Mai koyar da magana ta ce mana haka abin yake, abin da harshe ya haddace tun yarinta yana da hanyarsa daban da maganar da mutum ke ƙirƙira a lokacin da yake bukata. Ta kuma faɗi abin da ban taɓa mantawa ba, cewa hankalinsa na nan daram, kada mu riƙa yi masa magana irin ta yara, kada kuma mu riƙa zancensa a gabansa tamkar ba ya wurin.

Masu zuwa dubiya da yawa ba su san haka ba. Sai mutum ya shigo ya ɗaga murya, ko ya juya wajen Inna ya ce "Yana gane mutane kuwa?" alhali Baffa na kallonsa. Bayan an tafi sai ya juya fuska bango. Ya daina yarda da motsa jikin, abinci ma sai an yi da gaske. Likita ya ce kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani, kuma shi ma ciwo ne da ake yi wa magani. Aka ƙara masa magani, amma zuciyar tasa ta riga ta yi sanyi da atisayen da ake ba shi, na ɗaukar 'yan ƙwallaye daga wannan kwano zuwa wancan. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fitar da iyakokin filaye bai ga dalilin da zai sa ya yini yana kwashe ƙwallo ba, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Mai koyar da aikin hannu ce ta tambaye mu wata rana, "Me Baba ya fi so ya yi da hannunsa lokacin da yake da lafiya?" Inna ce ta amsa, ta ce lissafi. Na koma gida na buɗe akwatin. Batirin HP ɗin ya daɗe da mutuwa, amma wayar cajinta na nan, wani mai gyaran lantarki ya cire mataccen batirin ya goge wurin, aka jona ta a wuta. Jajayen lambobin suka kama.

Na ajiye masa ita a kan katakon cin abinci na ce, "Baffa, ga mutuniyarku." Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kai hannun hagu ya danna wasu lambobi, ya tsaya, ya rasa me zai biyo baya, sai hawaye. Inna ta yunƙura za ta ɗauke, ya ɗora tafin hannunsa a kai ya hana. Tun da ya kwanta, ranar ce ta farko da na ga ya nuna yana son wani abu.

Ba zan ce daga nan komai ya warware ba, domin ba haka aka yi ba. Lissafin kansa ya taɓu. Likitoci sun daɗe da sanin cewa rauni a wani yanki na hagun ƙwaƙwalwa yana iya ɗauke wa mutum iya lissafi, wani lokaci har da rarrabe yatsunsa da sanin dama da hagu. Wani likita ɗan Ostiriya, Josef Gerstmann, ya bayyana irin wannan tun a shekarun 1920. Baffa ya samu wani kaso na haka. Da farko kwafa kawai yake iyawa: in rubuta lamba a takarda da manyan baƙaƙe, shi kuma ya nemo ta a maɓallai. Lamba ɗaya, sannan biyu, sannan uku. Yakan juya su, in rubuta 52 ya danna 25, ya dubi fuskar kalkuletar, ya dubi takardar, ya gane da kansa cewa ba su yi daidai ba, ya goge ya sake. Wannan shi ne babban amfanin da na ga na'urar ta yi masa. Ba ta gajiya, ba ta tausaya masa, ba ta kuma ce masa "ya yi kyau" alhali bai yi ba. Mu da muke ƙaunarsa mukan yi saurin yaba masa ko ƙarasa masa kalma, ita kuwa abin da ya danna shi take nuna masa.

Kafin magana ta dawo sosai, lambobi suka zama bakinsa. Muka yi yarjejeniya: 1 na nufin eh, 0 na nufin a'a, kuma a nan ba ya kuskure irin wanda harshensa ke yi. Idan yana son sanin lokacin da likita zai zo sai ya nuna agogo, in danna masa, ya gyaɗa kai. Wata rana ya danna wata lamba ya yi ta nuna wa Inna, muka rasa gane ta, sai can ta tuna lambar wani fayil ce na aikin da ya taɓa yi, wanda wani ya zo nema kafin ya kwanta. Aka duba akwati, ga fayil ɗin. Yadda fuskarsa ta sake a ranar ya fi mini duk wani sakamakon gwaji.

Sai maganar hannun dama. Da hagu yake komai, kuma mai koyarwar ta ce a nan haɗarin yake. Idan mutum ya ga hannu ba ya yi masa biyayya sai ya yi watsi da shi, ƙwaƙwalwa kuma ta saba da rashinsa, har ƙarfin da ya rage ma ya tafi. Wani masani Ba'amurke, Edward Taub, ya yi bincike mai yawa a kan wannan, kuma daga aikinsa aka samo hanyar da ake hana lafiyayyen hannu aiki na wasu awoyi don a tilasta wa mai raunin. Ta kwatanta mana da hanya: idan gada ta karye, mutane sukan fitar da 'yar burtali ta gefe, kuma yawan takawa ne ke mayar da ita hanya. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya dawowa, amma maƙwabtansa suna iya koyon aikinsa idan aka yi ta maimaitawa. Da yatsunsa suka fara ɗan motsi, sai ta ce masa, "Baba, daga yau wannan na'ura ta hannun dama ce. Hagu ya huta."

Ya ji haushi ƙwarai. Hannun yana da nauyi, yatsun a dunƙule, sai an tallafa masa gwiwar hannu da matashi. Babban maɓallin nan na ENTER shi ya fara iya dannawa, saboda ya fi sauran faɗi, da ƙashin yatsa ma ba da kan yatsa ba. Ɗan ƙas ɗin da maɓallan ke yi ya taimaka, domin jin taɓawa ya ragu a yatsunsa, amma yana jin wannan. Kullum da safe da yamma yana kai. Wasu ranaku a ci gaba, wasu a koma baya, musamman idan bai yi barci sosai ba. An gaya mana cewa sauƙi ya fi sauri a watanni uku zuwa shida na farko, mu kuma muka ji tsoron kada ƙofa ta rufe bayan haka. Ba ta rufe ba. Tafiyar ce ta ragu, amma yatsansa manuni bai miƙe sosai ba sai da aka shiga shekara ta biyu.

A cikin wannan shekarar ne ya yi abin da ya sa na yanke shawarar rubuta wannan labari. Ina zaune kusa da shi, ban ba shi wani aiki ba, sai na ga ya jawo ta da kansa. Da yatsan dama ya danna 3, ENTER, alamar ninkawa, tara ta fito. Ya danna 4, ENTER, ninkawa, sha shida. Ya tara su, ashirin da biyar. Ya danna maɓallin tushen lamba, 5 ta bayyana. Duk ma'aikacin safiyo da magini ya san wannan: uku, huɗu, biyar, da shi ake tabbatar da kusurwa ta tsaya cak. Bai dubi maɓallan ba, yatsan ne ya bi tsohuwar hanyarsa. Ya ɗago ya dube ni, ya yi ta kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Kusurwa... ta yi." Na ce, "Ta yi, Baffa. Allah ya ƙara muku lafiya." Na fita waje don kada ya ga idona.

Ba na son wani ya karanta wannan ya ɗauka kalkuleta magani ce. Maganin hawan jini da na hana jini daskarewa, da masu gashi, da mai koyar da magana, da haƙurin Inna wadda ta kwana ta tashi da shi, su ne suka yi aikin da ikon Allah. Abin da na'urar ta yi shi ne ta ba shi dalilin jure wahalar maimaitawa, saboda aikin da yake yi da ita nasa ne, yana da ma'ana a wurinsa. Na ga wani a ɗakin gashi wanda tela ne, da almakashi da ƙyalle aka shawo kansa. Shi ya sa nake ganin tambayar da matar nan ta yi mana ta cancanci a yi wa iyalan kowane majinyaci tun a makon farko, tun kafin zuciya ta karaya.

Yanzu Baffa yana tafiya da sanda, yana jan ƙafar dama kaɗan. Maganarsa a hankali take fita, kuma idan ya gaji ko mutane suka yi yawa sai kalmomi su ɓuya masa. Tarawa da ninkawa sun dawo masa a ka, amma ɗebewa mai aro har yanzu sai da na'ura. Ba ya tsallake magani ko sau ɗaya. Kullum da safe yana auna jininsa ya rubuta a littafi, ƙarshen mako ya tara lambobin ya raba ya fitar da matsakaici, kuma da wannan littafi yake zuwa ganin likita. Rubutun da hannun hagu yake yi, domin riƙe alƙalami ya fi danna maɓalli wuya nesa ba kusa ba. Abin da ya sa a gaba yanzu shi ne sa hannu da dama. An naɗa wa alƙalaminsa roba don ya yi kauri ya riƙu, kuma harafin farko na sunansa ya fara fitowa yadda za a iya karantawa.